Kalangu Ya Ɗauki Kari, Matata Ta Ɗauki Wasali

Idan kaka ta yi a karkarar Gidan Sori, dammunan hatsi sun shiga rumbu, bukukuwa sun kankama, dare yakan ɗauko kiɗa daga wani ƙauye ya kawo shi har tsakar gidan mutum. Sai dai ba dukan kiɗan ne ke isowa ba. Dum-dum ɗin ganga ke isowa, mai nauyi, marar kaifi. Saukar sanda a kan fata, da kacau-kacau, da tafin ƴan mata duk sun zube a hanya, domin iska da darni da itatuwan gawo sun fi saurin cinye siririn sauti a kan kakkaura. Yaron da bai taɓa shiga lakkwal ba, da jin wannan kiɗa ya san na nesa ne, har ya kintaci nisan. Abin da ya ɓace daga kiɗan shi ya ba shi labari.

Wannan aiki da sarari ke yi ba da niyya ba, shi masu ƙera na'urorin kiɗa suka kama, suka kulle cikin ɗan akwati, suka sa masa abin murɗawa. Matatar sauti ke nan. A cikin babbar na'urar ƙera sauti da ake kira sintesaiza, musamman irin mai ɓangarori wadda makaɗi ke haɗawa da kansa da wayoyi, babu ɓangaren da masu sana'ar suke gardama a kansa kamar wannan. Ni kuwa abin da ya ja ni gare ta shi ne kusancinta da magana, da yadda kalma take samun ma'ana a bakin mutum.

Sauti girgizar iska ne. Kunnen matashi mai lafiya yana kama girgiza daga kamar sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda. Ta ƙasa ita ce kauri, ta sama ita ce siranta. Amma kayan kiɗa ba sa fitar da girgiza ɗaya tak. Idan tsirkiyar goge tana kaɗawa sau 200 a sakan, to tana goye da wasu ƙananan girgiza, na 400, da 600, da 800, haka har sama. Bari mu ce musu ƴaƴan sauti. Goge da algaita suna iya tsayawa a kan murya ɗaya, amma ba wanda zai rikita su, saboda ƴaƴan da ke da ƙarfi a nan ba su ne ke da ƙarfi a can ba. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya bayyana wannan a littafinsa na 1863. Yana da ƴan ƙwallaye masu rami, kowace tana amsa girgiza guda kaɗai. Sai ya kara su a kunne ya riƙa tsintar ƴaƴan sautin ɗaya bayan ɗaya.

Matatar lantarki kuwa ba don kiɗa aka fara yin ta ba. Wajajen 1915 George Campbell a Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar barin wasu girgiza su wuce a tare wasu, domin a cusa hirarraki da yawa cikin wayar tarho guda. Daga nan aka gaji ƙa'idar da ta daɗe tana mulkin tarho: muryar mutum daga girgiza 300 zuwa 3,400 kawai ake aikawa, saura a zubar. Shi ya sa muryar mahaifiyarka a tsohuwar waya take zuwa a matse, kuma shi ya sa harafin s, wanda yawancin ƙarfinsa yana sama da wannan iyaka, yake rasa kaifinsa har sata ta kusanci fata. Bagobiri da ke cewa hwata ya ɗan tsira daga wannan ruɗani.

A 1964 Robert Moog ya nuna ɓangarorin na'urarsa ta farko a Amurka, a daidai lokacin da Don Buchla yake haɗa tasa a Kalifoniya. Tsarin shi ne kowane akwati da aikinsa guda: wannan yana haifar da sauti, wannan yana tacewa, wannan yana buɗe ƙarfi yana rufewa, kuma babu hanyar da aka shimfiɗa tsakaninsu sai wadda makaɗi ya shimfiɗa. Babbar dabarar ita ce ƙarfin lantarki da ke fitowa daga wani akwati yana iya murɗa maɓallin wani akwatin, ba sai da hannu ba. Matatar Moog, wadda aka ba shi takardar mallakarta a 1969, an jera transistocinta hawa-hawa har ake ce mata tsani, kuma tana rage sauti da desibel 24 duk lokacin da yawan girgiza ya ninka sama da iyakar da aka sa mata. A tsakiyar shekarun 1990 wani Bajamushe, Dieter Doepfer, ya fito da ƙananan ɓangarori masu rahusa a kan ma'auni guda, wanda yau ake kira Eurorack, kamfanoni masu yawa suka bi shi.

Mai tankaɗe ta san asalin lissafin. Rariya tana raba gari da tsaki, kuma ita ke zaɓar wanda take so yau, na ƙasa ko na sama, don dukansu abinci ne. Haka matatar sauti: akwai mai barin kauri ya wuce ta tare siranta, akwai mai yin akasin haka, akwai mai barin tsakiya kaɗai, akwai mai haƙe tsakiyar ta bar gefe biyu. Inda matata ta wuce rariya shi ne idanunta suna buɗewa suna tsukewa ana cikin aiki, sau ɗaya a minti ko sau ɗari a sakan. Tana kuma da maɓalli na biyu, na amo, wanda ke mayar da wani kaso na abin da ya fita ya sake shiga, sai girgizar da ke daidai bakin iyaka ta kumbura ta yi tsini. Da waɗannan maɓallai biyu ake yin kusan duk abin da zan ambata.

To, ina magana ta shigo? Abin da maƙogwaro ke fitarwa ba kalma ba ce. Wani zuu ne kawai, cike da ƴaƴan sauti, iri ɗaya ko za ka ce a ko za ka ce i. Ramin baki, da harshe, da leɓɓa su ke ƙarfafa wasu ƴaƴan su danne wasu, kuma wannan dannewa ita ce wasali. Masanin Suwidin Gunnar Fant ya shimfiɗa wannan bayani da lissafi a 1960. A bakin namiji baligi, wasalin a yana da tudu biyu na ƙarfi, ɗaya wajen girgiza 700, ɗaya wajen 1,200. Wasalin i yana da nasa wajen 300 da 2,300, u kuma wajen 300 da 800. Babban bambancin rana da rina, ko kura da kira, yana inda baki ya tsayar da tudun nan. Duk kalmar da aka taɓa furtawa, ta soyayya ko ta zagi, ta huɗuba ko ta ciniki a kasuwar Maraɗi, an sassaƙo ta ne daga wannan zuu ta hanyar hanawa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mun saba ɗaukar mai magana a matsayin mai bayarwa, alhali rabin aikinsa riƙewa ne, kuma abin da ya riƙe shi ya ba saura siffa.

Hausawa sun yi kiɗa da wannan sani tun kafin a rubuta shi. Bambaro, ɗan abin nan da samari ke karawa a baki suna fizgar harshensa da yatsa, murya ɗaya tak gare shi. Duk zaƙin da ake ji yana hawa yana sauka, bakin mai kaɗawa ne ke zaɓar ɗan sautin da zai fito, yana faɗaɗa kumatu, yana ja da harshe baya. Shantu ma haka: mace tana buga gindinsa a cinya, tafin hannunta yana rufe bakinsa yana buɗewa, iskar da ke cikin doguwar ƙwaryar tana sauya amonta da kowane motsi. Wanda ya iya sauraron shantu ya riga ya san abin da maɓallin matata ke yi.

Kalangu ya bi wata hanya dabam, kuma a nan ne abin ya fi burge ni. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye sama-sama yake tafiya, kuka ta miya kuwa ta hau ne ta sauko. Gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Makaɗin kalangu, da matse tsarkiyoyi a hammata da sakinsu, yana kwaikwayon hawa da saukar nan, da tsawo da gajarta. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne wasali da baƙi. A bakin kalangu, rana da suna da kifi da kura duk abu ɗaya ne: sama, sama, dogo, dogo. Shi ya sa take ba ya zuwa da kalma guda. Jimla ce sananniya, wadda mahauci ko ɗan dambe ko basarake ya riga ya haddace, kunnensa ke cike gurbin da fata ta bari. John Carrington ya lura da irin wannan a Kwango, a littafinsa na 1949 kan gangunan da ke magana: da yake ganga ta zubar da rabin kalma, sai makaɗa su tsawaita zance har shakka ta kau.

Ga rabo ya fito sarai. Kalangu ya ɗauki kari ya bar wasali. Matata tana iya wasali, amma ba ruwanta da kari, domin kari aikin tushen sauti ne. Kowannensu yana riƙe da rabin magana.

Masu na'ura sun gano cewa matata tana da ayyukan da suka wuce tacewa. Idan aka murɗa maɓallin amo har ƙarshe, sai ta fara kuka da kanta ba tare da an zuba mata komai ba, wani fito mai tsabta wanda ba shi da ɗa ko ɗaya, har a iya bin waƙa da shi. Idan kuma aka tsaya dab da wannan gaɓa, aka aika mata ɗan bugun lantarki guda, sai ta yi ƙara ta mutu a hankali kamar fatar da aka taɓa. Wannan dabara ce ke cikin babbar gangar na'urar Roland TR-808 ta 1980, wadda dum ɗinta ya cika waƙoƙin zamani har da na Kano da Yamai. Buchla ya yi tasa ƙofar da ke haɗa tacewa da rage ƙarfi, inda ɗan ƙwan fitila ke haska wani abu mai jin haske. Da yake abin ba ya saurin farfaɗowa, sautin yakan dushe yadda itace ko ƙwarya ke dushewa, kaifi ya fara tafiya, kauri ya biyo baya. Akwai masu girgiza iyakar matata da sauri ƙwarai, har motsin kansa ya koma sauti, ya haifar da wani gurnani mai kamar ƙarfe. Akwai masu zuba mata ƙarar shuu irin ta rediyo tsakanin tasha da tasha, su tsuke ta su riƙa yawo da ita, sai ga iskar hunturu tana busawa a cikin ɗaki.

Tarihin abin cike yake da mutanen da suka yi amfani da matata ba yadda maƙerinta ya nufa ba. Kamfanin Roland ya fitar da TB-303 a 1981 don ta maye gurbin mai kaɗa jita mai kauri. Ba ta karɓu ba, aka daina yin ta, ta koma kayan gwanjo. Wasu samari baƙar fata a Chicago, ƙungiyar Phuture, suka saye ta, suka bar ta tana maimaita ƴan muryoyi kaɗan, su kuwa suna ta murɗa iyaka da amo. Faifansu na 1987 ya buɗe wani sabon salon kiɗan rawa, kuma duk labarin da ke cikinsa motsin matata ne. A Kingston ta Jamaika, King Tubby yana da matata mai tare kauri a kan teburin haɗa sautinsa, yana murɗa ta mataki-mataki a tsakiyar waƙa, ya ɗauke ƙasa daga ƙarƙashin mawaƙi, sa'annan ya mayar. Kafin su duka, a 1944 a Alƙahira, Halim El-Dabh ya ɗauki muryoyin mata a wurin bikin zar, wanda ɗan'uwan bori ne, ya kai ɗakin rediyo ya yi ta sarrafawa yana rage tushen muryoyin don ƴaƴansu su fito fili. Shekara huɗu ke nan kafin Pierre Schaeffer ya fara irin wannan gwaji a Faransa. Ya kamata ɗalibanmu su san cewa ɗan Afirka yana cikin na farko-farko a wannan fage.

Akwai kuma wata ma'ana da matata ke ɗorawa, wadda ba ta cikin kalma. Muryar Narambaɗa da muke ji yau, yana wasa Sarkin Gobir na Isa da kiɗan kotso, ta ratso tsohuwar na'urar ɗauka, da kaset a kan kaset, da ƙaramar sifikar rediyo. Kaurin kotso ya ragu, kaifin sama ya tafi, tsakiya ce ta rage. Mu da muka tashi da wannan matsattsiyar murya mun koyi jin ta a matsayin tsufa da kwarjini, har idan aka matse muryar yaro ɗan shekara ashirin haka a situdiyo, sai mu ji kamar daga zamanin kakanni yake magana. Waɗanda suka zauna gaban Narambaɗa ba haka suka ji shi ba. Sun ji shi cikakke, da numfashinsa, da amsar ƴan amshi tana cika fada. Girmamawar da muke yi masa ta gaskiya ce, amma wani yanki na launinta na'ura ce ta shafa, kuma yana da kyau mai sauraro ya iya rabewa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a kiɗan lantarki. Mamman Sani ya samo organ ƙirar Orla ta Italiya, ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a Yamai a 1978, yana mayar da waƙoƙin gargajiyar ƙasar cikin muryar na'ura, kuma shekara da shekaru kiɗansa ne ke cike tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013, ya kuma fitar da na Hama, wani matashin Yamai mai bin irin wannan hanya. A Kano kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin fim. Ba na raina wannan aiki. Ya ciyar da dubban mutane, ya kuma raka aure da suna daga Gazawa har Gidan Rumji. Abin da ke damuna shi ne yawancin sautukan an gama tace su a Japan kafin su iso. Makaɗi yana danna lamba ya sami sarewar da wani ya riga ya yanke wa hukunci, kuma situdiyo ɗari suna danna lamba ɗaya. Hannun da ya kamata ya kasance a kan maɓallin iyaka, yana yanke shawarar abin da za a riƙe da abin da za a saki, an ɗauke shi daga aikin.

Gaskiya ne ɓangarorin Eurorack suna da tsada, suna kuma son wutar da ba ta yankewa, abin da ba kowane ƙauye ke da shi ba. Amma tun 2017 akwai manhajar VCV Rack, kyauta, wadda ke kwaikwayon akwatunan da wayoyinsu a kan kwamfuta, kuma manhajojin da ƴan situdiyo suka riga suka saba da su duk suna da matata a ciki. Tsohuwar kwamfutar hannu da faifan sola sun isa a fara. Wayar salula ta isa a ɗauki shantu, ko goge, ko dakan mata uku a turmi guda, a zuba cikin matata a ji abin da ke ɓoye a sama da wanda ke ɓoye a ƙasa.

Haɗin da na fi son in ji wani matashin Gobir ya gwada shi ne na mayar da rabi biyun nan wuri guda. A ɗauki tushen sauti mai yawan ƴaƴa, irin wanda ake kira haƙoran zarto, ya tsaya a matsayin maƙogwaro. A raba shi zuwa matata biyu masu barin tsakiya, a ɗaga amonsu, a sa ɗaya a 700 ɗaya a 1,200, sai a ji a. A ja ta farko ƙasa zuwa 300, a tura ta biyu sama zuwa 2,300, sai a ta zame ta koma i, ga ai ta kai da rai. A ja su biyun ƙasa, ga au ta yau. Sa'annan a ba tushen sautin aikin kalangu, ya hau ya sauka bisa karin kalmar, a ba akwatin buɗe ƙarfi aikin tsawo da gajarta. Da wannan kaɗai na'ura za ta iya raba kukan hawaye da kukar miya, ta kuma raba rana da suna a wasalinsu, abin da kalangu bai taɓa iyawa ba.

Baƙaƙe su ne wahalar. S tana da sauƙi, ƙarar shuu ce da aka tare wa kauri. M da n ana samunsu da danne sama a rufe tudun na biyu. Amma ƙ da ts suna bukatar ɗan shiru sa'annan fashewa mai kaifi, ɓ da ɗ kuwa maƙogwaro ne ke sauka ƙasa a daidai lokacin furuci, murya ta ɗan shaƙe kafin wasali ya buɗe. Na'urar Voder da Homer Dudley ya nuna a baje-kolin New York a 1939 tana magana da Ingilishi ta irin wannan hanya, kuma matan da ke sarrafa ta sai da suka yi kamar shekara suna koyo, ga shi Ingilishi ba shi da ɓ, ba shi da ƙ, ba shi da kari mai raba ma'ana. Wanda zai koya wa wayoyi Hausa dole ya fara da ɗaukar muryar dattijo yana cewa ɓarawo da barawo, ɗaki da daki, ya rage gudun ɗaukar, ya saurari abin da ke faruwa a ɗan ƙiftawar da ke gaban wasali, sa'annan ya nemi akwatin da zai iya yin sa.